DA-LA-RU-TA: abokai huɗu da aikin silima

Ƴan uwa masu karatu, ku dubi kalmar da ke bisa kan wanga darasi. Ku karanta ta gaɓa gaɓa, kamar yadda munka saba: DA, LA, RU, TA. Kada ku wahal da kanku wajen neman ma'anarta. Babu ta cikin hausa, babu ta cikin zabarmanci, babu ta cikin faransanci. Sunayen mutum 4 ne anka gutsuro, anka haɗa wuri guda. DA, Damure Zika ke nan. LA, Lam Ibrahim. RU, Jan Rush, wani bafaranshe. Su can suna rubuta sunanshi Jean Rouch. TA kuwa, Tallu Muzuran. Abokai ne. Sun yi shekaru da yawa suna aikin silima tare, a nan ƙasarmu Nijar.

Dukanku kun san wasan kwaikwayo. Wasu sun ga teyatur na samariya a gidan matasa. Wasu sun sha dariya da Yazi Dogo da ƴan ƙungiyarshi a Tele Sahel. Yau kuwa ga fina-finan Kano cikin salula, har a gona ana kallo. Amma in anka tambaye ku mi ne ne aikin mai wasan, mi za ku ce? Da yawa cewa suke shashanci ne, aikin wanda bai da aikin yi. Ku yi haƙuri ku ji labarin waɗanga mutane tukuna.

Mu fara da yadda ake yin fim, don wanda bai sani ba shi sani. Abin da kuke kallo cikin awa guda da rabi, ba rana guda anka yi shi ba. Gunduwa gunduwa ake ɗaukarshi, kamar yadda masaƙi ke saƙa ƙwarya ƙwarya, daga baya a ɗinke ta zama gwado. Mai wasa shina iya wuni zaune cikin rana shina jira, don a ɗauki maganarshi ta minti 2. Kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin. Akwai mai riƙon kamara, akwai mai ɗaukar murya, akwai direba, akwai mai dafa abinci. Akwai kuma abokin wasanshi, wanda za shi jefa mishi magana shi cafe. In wancan ya jefa ba daidai ba, wanga ma ba shi iya cafewa, komi gwanintarshi.

Tafiya Kurmi da kamara

Jan Rush ya zo Nijar ga shekara ta 1941. Lokacin ba ɗan silima ba ne. Injiniya ne, mai aikin hanyoyi da gadoji. A Yamai ya haɗu da Damure, wani saurayi ɗan masunta na bakin kogin Kwara, waɗanda zabarmawa ke ce ma sorko, mu kuma mu ce sarkawa. Abota ta ƙullu tsakaninsu tun daga nan. Bayan babban yaƙin duniya na 2, Rush ya komo da kamara.

Ga shekara ta 1954 sunka shirya wani abin da ba a saba gani ba. Kun san yadda samarinmu ke tafiya Kurmi cin rani bayan an yi girbi. To, haka ake yi tun wancan zamani. Sai sunka ce bari su yi tafiyar da kansu, su ɗauke ta a fim. Mutum 3 ne ke wasan: Damure, da Lam wanda shike bafillace makiyayi, da wani masunci mai suna Illo Gawdel. Sun taso daga kasuwar Ayoru, sunka ratsa Dahome, wato Benin ta yanzu, sunka bi ta Togo, har Akara da Kumasi a ƙasar Gana, wadda lokacin ake ce ma Gol Kos. A can kowa ya nemi abin yi. Daga baya sunka haɗa jari, sunka kafa tebur a kasuwar Kumasi, suna saida ƙananan kaya. Da damina ta matso sunka komo gida da tsaraba.

To ga inda gizo ke saƙa. Kamarar da Rush ke aiki da ita, da hannu ake wana ta, kamar agogon da. In an wana, ba ta kai rabin minti sai ta tsaya. Kuma hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar magana. Sun komo da hotuna masu motsi, amma bebaye. Ƙaƙa za a yi?

Sai anka zaunar da Damure da Lam gaban hotunan. Anka kunna, suna kallon kansu, suna magana, ana ɗaukar muryarsu. Babu takarda a hannunsu. Damure shi ga kanshi shina taƙama bisa titin Akara, sai shi hau yabon kanshi. Lam shi tare shi da ba'a. Su tuna wahalar hanya, su yi gardama, su fashe da dariya. Wannan hirar ita anka ɗora bisa hotunan. Fim ɗin ya daɗe ajiye, bai fito ba sai 1967. Sunanshi Jaguar. Sunan wata motar Ingila ce mai tsada, kuma a Akara haka ake kiran saurayi ɗan ƙwalisa.

Ku tsaya nan ku yi tunani kaɗan. Da baƙi 2 anka zaunar, waɗanda ba su san juna ba, da wace hira za su yi? Wanga shi yi shiru shina jiran wancan, ko kuwa su yi ta magana gaba ɗaya ba mai jin wani. Mata, ku kun fi kowa gane abin da nike nufi. In ku 2 ko ku 3 kuna lugude cikin turmi guda, ba mai ce ma wata «yanzu ke». Kowace ta san lokacin da taɓaryar ƴar uwarta za ta tashi. Ranar da baƙuwa ta shigo cikinku, sai taɓare su yi ta karo. Aikin ƴan wasa haka shike. Damure ya san inda Lam za shi tsaya, Lam ya san inda Damure za shi zarce, don sun kwana bisa tabarma guda a hanya, sun ci daga ƙwarya guda.

Haka sunka ci gaba da aiki har tsufansu. Rush ya sha bayyana yadda suke yi. Ba su rubuta maganar da kowa za shi faɗi. Zama suke su tattauna labarin: daga ina za a taso, ina za a dosa. Sauran kuwa sai gaban kamara. Kuma ba su son maimaitawa, don a ganinsu magana ta fari ta fi rai. Ƙungiyoyin teyatur namu na hausa ma kusan haka suke aiki. Ana shirya ƙashin labari tare, kowa shi san matsayinshi, amma kalmomi daga bakin mai wasa suke fitowa. Wanda ya ce wannan abu ne mai sauƙi, shi tashi gaban aji shi gwada minti 5, mu gani.

Wajen 1970 sunka fito da wani fim mai suna Petit à petit, wato sannu sannu. A ciki Damure ya zama babban ɗan kasuwa. Shina son gina bene mai hawa da yawa a Ayoru, sai ya tafi Pari don shi ga yadda turawa ke zama cikin irin waɗannan gidaje. Da ya isa, sai ya fiddo ma'auni, shina tare mutanen Pari bisa hanya, shina auna kansu, shina duba haƙoransu. Kun gane wasan? Abin da turawa masu bincike sunka daɗe suna yi ma baƙar fata, shi ya juya musu.

Motar kaji

Wanda anka fi sha ma dariya cikin fina-finansu shi ne na 1974, Cocorico Monsieur Poulet. «Kokoriko» carar zakara ce a kunnen bafaranshe, sauran kuma «Mushe Kaza» ke nan. Labarin daga sana'ar Lam ya fito, don ya taɓa cinikin kaji da gaske. A fim ɗin Lam na da wata tsohuwar ƙaramar mota, Citroën 2 CV, wadda ya raɗa ma suna Patience, wato Haƙuri. Sunan ya dace da ita. Shi da yaron motarshi Tallu, da abokinsu Damure, sunka shiga daji sayen kaji don su kawo Yamai su saida.

Motar nan ba kwaikwayon lalacewa take ba. Tsohuwa ce ta gaske, kuma ta sha mutuwa a hanya ana cikin aiki. Wani mai fim da sai shi tsaida komi, shi ce a gyara tukuna. Su kuwa sai su sa lalacewar cikin labari. In ta tsaya, wurin ya zama wurin wasa. A sauka, a buɗe gaba, a yi gardama bisa wanda ya jawo tsiyar, a zargi aljanu. Kuma da yake motar ba ta da cikakkun takardu, ba su so su bi ta gada inda ƴan sanda ke tsaye. Sai sunka riƙa neman dabarar ƙetare kogin Kwara da ita. Har kwance ta sunka yi, sunka ƙetare da ita gunduwa gunduwa, sunka sake haɗa ta a wancan ƙetare. Duk direban da ya taɓa kwana tsakanin Dakoro da Maraɗi da mota matacciya, in ya ga fim ɗin nan, za shi ce da shi ake.

A farkon fim akan rubuta sunan wanda ya shirya shi. A wanga, ba sunan mutum guda anka sa ba. Sunan haɗin gwiwar nan anka rubuta. Da fari DALARU ne, mutum 3. Daga baya anka ƙara TA ta Tallu. Akwai kuma na 5 wanda ba a gani cikin hoto, Musa Hamidu, mai ɗaukar murya. In ba don shi ba, da duk barkwancin nan iska ta tafi da shi.

Kada ku ɗauka komi zuma ne. Kamara a hannun bature take, kuɗin aiki ta hannunshi suke biyowa, kuma a ƙasashen waje sunanshi anka fi sani. Wasu ƴan Afirka masu silima ba su ji daɗin aikinshi ba. Usman Samben na ƙasar Senegal ya taɓa faɗa mishi ido da ido cewa irinsu na kallon ƴan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Magana ce mai nauyi, kuma ni ban ce babu gaskiya cikinta ba. Amma wanda ya ga Damure shina duba haƙoran mutanen Pari, ya san wannan ba ƙwaro ba ne. Mutum ne da ya san abin da shike yi.

Wani abu kuma da ya kamata ku riƙe: ba silima ke ciyar da su ba. Damure ma'aikacin lafiya ne. Shina da gidan likita nashi a unguwar Lamorde ta Yamai, a ƙetaren kogi, inda ya yi shekaru shina duba marasa lafiya. Lam ga tuƙi, ga kiwo, ga ciniki. In lokacin fim ya zo su haɗu, in an gama kowa shi koma ga sana'arshi. Ko da sunka tsufa ba su bari ba. Wajen 1992 sunka tafi ƙasar Holan tare, sunka yi fim bisa injin da iska ke juyawa shina jawo ruwa, don su ga ko za shi shayar da gonakin bakin kogi.

Ranar 18 ga watan Fabrairu 2004, da dare, motar da Rush ke ciki ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni. Nan ya rasu, shina da shekara 86. A Yamai anka rufe shi. Damure na cikin motar, amma Allah ya yi da sauran kwananshi. Shekara 63 ke nan da haɗuwarsu. Shi kuma ya rasu ga 2009.

Zalika

Cikin waccan mota akwai wani babban mai silima na ƙasarmu, Mustafa Alasan. Mutanen Tawa sun san shi, don a can ya zauna shekaru da yawa, kamin rasuwarshi ga 2015. Ta wurinshi za mu shiga labarin wata mace, don kada ku ce darasin na maza ne kaɗai. Kuma labarin nata ya fi na su Damure ɗaci.

Ga 1966 Mustafa Alasan ya yi fim ɗin kaboyi, irin na Amurka, amma cikin ƙauyen Nijar. Wani saurayi ne ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, da takalma, da bindigogi. Ya raba ma abokanshi. Sunka canza sunaye, sunka hau dawaki, sunka hana ma gari barci. Cikin ƴan wasan akwai Jingare Maiga, wanda daga baya shi ma ya zama mai shirya fim. Akwai kuma yarinya guda, ƴar shekara 19, haihuwar Yamai: Zalika Sule. Ta sa wando, ta hau doki, ta riƙe bindiga. Ku tuna 1966 ake magana.

Daga nan ta yi aiki da Umaru Ganda. Shi Umaru tsohon soja ne. Faransa ta kai shi yaƙin Indoshin tun shina saurayi. Da ya komo bai sami aiki ba, sai ya tafi Abijan shina dako a tashar jiragen ruwa. Can Rush ya same shi, ya sa shi cikin wani fim da ya fito ga 1958. Amma Umaru bai tsaya ga wasa cikin fim ɗin wani ba. Ya so shi ba da labarinshi da bakinshi. Fim ɗinshi na fari, Cabascabo, labarin sojan da ya komo daga yaƙi ne, abokai sunka taya shi cinye kuɗi, sunka watse. Shi da kanshi ya yi wasan, Zalika na ciki. Ga 1972, a babban taron silima na Wagadugu da ake ce ma FESPACO, fim ɗinshi Le Wazzou polygame ya ci babbar kyauta. Wannan ne karo na fari da anka ba da ita, kuma Nijar ta ɗauke ta. In kun je Yamai kun ji ana cewa CCOG, to gidan al'adu ne mai sunan Umaru Ganda.

A wancan fim wani alhaji ne ke son ƙara mata ta 3, yarinyar da anka riga anka yi ma wani saurayi alkawari. Zalika ta fito a kishiyar da kishi ya rufe ma ido, har abin ya kai ga kisan kai. A wasu fina-finan ta fito a matar da ke cin amanar miji, ko a mace mai zaman kanta. Dole wani shi ɗauki irin wanga matsayi. In babu mugu cikin labari, ina wa'azin za shi fito? Kuma yin mugu ya fi yin na kirki wuya. Sai ka sa ƴan kallo sun ji haushinka har cikin ransu, alhali kai ba ka da komi da kowa. Da an tsaida kamara, kishiyoyin nan 2 da kunka ga suna zage-zage, tare za su zauna su ci abinci.

Amma ƴan kallo ba su ga cin abincin ba. Zagin sunka gani. Mutane da yawa sun kasa raba Zalika ta cikin fim da Zalika ta cikin gari. Namiji in ya yi ɓarawo a fim, sai a ce kai, wane gwani ne. Mace in ta yi karuwa, sai a ce dama halinta ne. Ta yi suna, ta je ƙasashe da sunan Nijar, amma a gida bakin mutane bai bar ta ba. Ku gaya mini gaskiya: yau in kuna kallon fim ɗin Kano, ba ku yin irin wagga magana bisa ƴan matan ciki? Ina jin ta a bakin maza, ina jin ta a bakin mata.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, shina da shekara 45 kacal. Bayan haka silimar Nijar ta yi ta ja da baya. Kuɗi sunka yi wuya, gidajen silima sunka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Damure na da gidan likitarshi, ga kuma abokai da ba su rabu ba. Ita Zalika wasan shi ne babbar sana'arta, kuma wanda ya fi kowa ba ta aiki ya tafi.

Wata ƴar Nijar mai suna Rahmatu Keita ta neme ta, ta yi fim bisa rayuwarta, ya fito ga 2004. Sunanshi Al'lèèssi, wato ƙaddara da harshen sonrai. A ciki Zalika ta zauna tana ba da labarin aikinta da bakinta: yadda ta fara, da waɗanda ta yi aiki da su, da abin da mutane sunka ɗauke ta. Tsofaffin abokan aikinta, irin su Mustafa Alasan da Jingare Maiga, su ma sun yi magana bisa wancan zamani. Amma abin da ya fi taɓa mai kallo shi ne gidan da anka same ta. Matar da hotonta ya zagaya duniya tana zaune a Yamai da ɗiyanta cikin ɗaki 2, ko pampo babu. A ƙarshen fim ɗin anka sanar cewa ta bar ƙasa, ta tafi waje tana aikin gida don ta ciyar da iyalinta.

Ta rasu cikin watan Yuli 2021.